Lambobin da shofo na gaz ke nunawa: abin da za ka duba kafin ka kira mai gyara

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Yamai, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, sai kowa ya tuna yana da shofo a bango. Ranar da anka buɗe dush da asuba ruwa ya zo da sanyi ƙarara, a leƙa ekaran a ga wani harafi da lamba suna ƙyaftawa, shi ke nan sai kiran plombiye, wai inji ya mutu. Wallahi sau da yawa injin lafiyarshi lau, magana ce yake yi ba a gane ba.

Injinan da ke cikin gidajenmu iri biyu ne. Akwai ƙaramin shofo wanda ruwa ke ratsawa ya fito da zafi nan take, wasu ma da manyan pil guda 2 irin na tocila suke kunna wuta. Akwai kuma babban, shodiyer, wanda turawa ke ɗumama ɗaki da shi kuma ya ba da ruwan wanka, irin Vaillant na Jamus, Saunier Duval da Chaffoteaux na Faransa, Ariston na Italiya. Wa'annan galibi na hannu ne, ko wani ɗan uwa ya sako cikin kwantena ko mai gida ya tsinto a kayan da ake saukewa, ba takarda ba komi. Su ne masu yawan surutu a ekaran, kuma su zan fi daɗewa a kai.

A Vaillant, da sabbin Saunier Duval tunda kamfani guda ke da su, harafin farko shi ne rabin labari. In ka ga S, injin yana gaya maka aikin da yake yi a wannan lokacin ne kawai, ba ciwo ba ne. In ka ga F to nan ne ya tsaya da kanshi saboda wani abu bai yi mishi daidai ba. A tsofaffin Vaillant maɓallin da ke da harafin i kake dannawa lambar S ta fito. Mutane da yawa hannunsu ne ya taɓa maɓallin wajen goge ƙura, sai su ga S.31 hankalinsu ya tashi, alhali ma'anarta injin yana kan tsarin lokacin zafi, ba a buƙatar ɗumama ɗaki. Mu da ba mu da radiyatar a ɗaki ai ita ce ma ta dace ta zauna a ekaran shekara duka. S.00 ita ma haka, ba wanda ya nemi zafi, yana zaune. S.08 kuma jira ne, bayan ya kashe wuta a ɓangaren ɗumama ɗaki akwai lokacin da anka ɗibar mishi kada ya sake kunnawa nan da nan, daga kamfani har minti 20 yana iya kaiwa, to ka bar shi, kashewa da kunnawa ba su ƙara mishi sauri.

Wa'anda sunka fi yi muna amfani su ne na ruwan wanka, daga S.10 zuwa S.17, dan bi da bi suke zuwa. Ka sa yaro ya buɗe robinen ruwan zafi sosai, kai kuma ka tsaya gaban injin ido a ekaran kunne a buɗe. S.10 ya ji ana jan ruwa. S.11 fankar ciki ta tashi, za ka ji ta. S.13 yana ƙyasta wuta, tak tak tak. S.14 wuta ta kama, ruwa na ɗumi. In anka rufe robine sai ka ga S.15, S.16 ko S.17, fanka da pomp na ciki suna ɗan ci gaba da juyawa dan su huce, minti kaɗan su yi shiru. Kamar karen mota ne da ke faɗa ma direba sunan kowane gari da anka wuce, inda bakinshi ya tsaya nan mota ta lalace. Wannan kallon na minti 1 ya fi duk wani kwance-kwance da za a yi ma injin, dan shi ke nuna maka ko ruwa ne, ko iska, ko gaz.

In an buɗe robine S.10 ba ta zo ba kwata-kwata, injin bai ma san ana neman shi ba, ruwan da ke shiga bai kai ƙarfin da zai motsa shi ba. Wanga shi ne ciwon unguwanni da yawa, pompo na zuwa a hankali ko kuma gidan da shato yake aiki. Lissafin mai sauƙi ne, tsawon mita 10 shi ke ba da bar 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa, ke nan shaton da ke mita 3 bisa shofo bai wuce bar 0.3 ba, in ka haɗa da dogon tiyo da lanƙwasa da kan dush da ya toshe, me ya rage. Ƙananan shofo ma sai sun samu kamar litar 2 zuwa 3 a minti kafin su kunna. Ka gwada da kanka, ɗauko bidon na litar 5 ko gorar ruwa da ka san awonta, ka tara ka duba agogo. Kafin ka kashe kuɗi a sirpiresar, wato injin ƙara ƙarfin ruwa, fara da abin da ba a biya, kwance kan dush ka wanke, rufe ruwa ka ciro 'yar rariyar da ke bakin tiyon ruwan sanyi inda yake shiga injin, za ka sha mamakin yashi da tsatsar da ke ciki, musamman bayan an ɗauke ruwa an maido.

In ya kai S.11 ya maƙale, ko ya buga F.32, maganar fanka ce da hanyar hayaƙi. Fita waje ka dubi bakin bututun. Zanzaro na son gina gidanshi na laka a ciki, ƙadangare na shiga, tsuntsu na kai ciyawa, ga ƙurar hunturu da ke manne ma fikafikan fanka. Abin da ke bakin bututu daga waje kana iya cirewa bayan ka zare priz. Na cikin akwatin kuma ba naka ba ne.

Yanzu ga babbar, F.28. Ya ƙyasta ya ƙyasta wuta ba ta kama ba ya haƙura. 'Yar uwarta F.29, wuta ta kama tana ci sai ta mutu a tsakiyar wanka ya kasa maido ta. A Ariston da Chaffoteaux 501 za ka gani in ta ƙi kamawa, a Rinnai na Japan 11 in ta ƙi kamawa 12 in ta mutu. Duk wanda ya ce maka kart, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ce ta ƙone tun bai taɓa butel ba, ka riƙe aljihunka tukuna. Ɗaga butel ɗin ka ji nauyinta. Duba ko an buɗe ta, da ƙaramin robine mai launin ɗorawa da ke ƙarƙashin injin. In sabuwar butel anka ɗaura, iska ce ta cika tiyo, sai ya gwada sau 2 ko 3 kafin gaz ya iso, wannan ba komi. In da rishon girki a layi guda kunna shi ka ga yadda wutar take.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi kuma shi ne masu ɗaura injinan nan a garin nan ba su cika dubawa ba. A Turai yawancin shodiyer da gaz na bututun gari suke aiki, mu kuma nan ba mu da shi, butel muke saye, wanda ake kira butan. Ba abu guda ba ne. Leƙa ƙarƙashin injin ko gefenshi akwai 'yar takarda manne. G20 20 mbar gaz na gari ke nan. G30 28-30 mbar shi ne butan. G31 37 mbar propan. In abin da anka saita shi a kai G20 ne kuma ba a canza mishi 'yan bakunan da gaz ke fita ba, ramukansu sun yi ma butan faɗi, wuta za ta zo ja mai baƙin hayaƙi, ko ta kama da ƙara bum, ko ta ƙi zama. Kuma kula, a layin da anka rubuta irin gaz da yake karɓa, in ka ga 3+ ko 3B/P ana iya mai da shi butan, in 3P kaɗai ka gani to propan kawai anka yarda mishi, kuma da yawa cikin sabbin nan masu ɗigar da ruwa ta ƙasa haka suke. Wannan takardar ita za ka fara karantawa tun wajen ciniki, kafin kuɗi su fita. Canjin kuwa aikin wanda ya koya ne mai abin awon gaz, ba a yin shi da allura da ƙiyasi.

Sai detandar, wanda ake ɗaurawa bisa kan butel dan daidaita ƙarfin gaz. Injin kilowat 24 in yana ci da ƙarfinshi yana shan kusan kilo 2 na butan a awa, ƙaramin shofo mai litar 10 a minti kusan kilo 1.5. Detandar na girki da yawa an rubuta a jikinshi 500 g/h ko 1300 g/h, wato giram a awa, ke nan tun daga ƙofa an shaƙe injin. Alamarshi, wuta ta kama lafiya lau a S.14, da ya nemi ƙara ƙarfi sai F.29. Ita kanta butel tana da iyaka, gaz ɗin ruwa ne a ciki sai ya zama iska yake fita, in ana ja da yawa sai ta yi sanyi, ka ga jikinta na zufa, kuma butan in ya kusa digiri 0 ba ya tashi. Shi ya sa 'yar kilo 6 da ta kwana waje cikin sanyin Janairu, balle a Tawa da ɗarinta ya fi cizo, take yin minti 3 ta gaza alhali da sauran gaz a ciki. Maganin babbar butel ta kilo 12.5, ko biyu a haɗe su raba aikin, da detandar da ƙarfinshi ya kai. Dan Allah kada a kwantar da butel, kada a kifa ta, kada a kawo garwashi kusa wai ta ji ɗumi, ana yi, kuma ganganci ne.

Kuran ma yana kawo F.28, wannan kam mutane ba su yarda sai sun gani. Injin ba ido gare shi ba, wani ɗan ƙarfe ne cikin harshen wuta ke jin ta ta hanyar ɗan kuran kaɗan da ke bi ta jikin injin. In gidan ba wayar ƙasa mai kyau, ko faz da netir, wato wayoyin kuran guda biyu, sun juye, wasu injinan za su kunna wuta kana ganinta da idonka, bayan 'yan daƙiƙu su kashe su ce babu. Gwajin farko zare priz ka juya shi ka mai da, in irin wanda ke juyuwa ne. In kuma da wutar NIGELEC yana aiki amma da an tada gurup sai ya ƙi, to ba injin ba ne, haɗin gurup ɗin ne, mai aikin lantarki za a kira ya daidaita netir da ƙasa. Kuma da yadda wuta ke tafiya tana dawowa da ƙarfi a lokacin delestaj, ka sa mishi regilatar, kart tana da tsada kuma samunta a nan sai an yi odo.

Masu ƙaramin shofo na pil, ku naku da sauƙi, in kun ji ƙyastawar ta yi sanyi tana tak... tak... a hankali, ko babu ita sam, canza pil duka biyu, a goge tsatsar wurin zamansu. Lambobinsu na E1, E2, E3 kuwa kowane kamfani da nashi fassara, kada ka ɗauki ta injin maƙwabci ka ɗora ma naka, duba jikin kwalin ko takardarshi. Da yawansu kuma da gangan suke kashe kansu bayan minti 20, a rufe robine a sake buɗewa su tashi.

F.22 tana ruɗa mutane, a Ariston 108 ce. Ma'anarta ruwa ya yi kaɗan, sai Alhaji ya ce haba, ga ruwa na zuba a pompo. Ba wannan ruwan ba. Shodiyer yana da nashi ruwa na ciki da ke kewayawa a rufe, shi wuta ke dafawa, shi kuma ya ba ruwan wanka zafi ta jikin ƙarfe ba su gauraya. Ko ba ka ɗumama ɗaki dole wancan ya cika. Akwai agogo ko lamba a ekaran da ke nuna bar, in injin na sanyi ya kamata ta zauna tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi, a ƙarƙashi akwai ƙaramin robine na cikawa, wasu guda biyu ne, buɗe a hankali kana kallon allurar, da ta kai 1.5 rufe gam. Kada ka tafi amsa waya ka bar shi, a bar 3 bawul na tsaro zai buɗe ya yi ta zubarwa. Ga inda shato ke sake ba da matsala, ruwan da ƙarfinshi bai kai bar 1 ba ba ya iya tura allura ta kai 1, sai ka jira lokacin da pompo ke da ƙarfi, cikin dare galibi, ko a tada sirpiresar. In kuwa kullum sai ka ƙara to yana yoyo wani wuri, bi tiyo da busasshen tsumma. In da ya yi zafi allura ta haura wajen 3 da ya huce ta faɗo ƙasa, tulun iskan da ke ciki ne ya sace, wannan na mai gyara ne.

F.75 ita ce ta farkon lokacin sanyi. Pomp ya tashi amma injin bai ji ƙarfin ruwa ya motsa ba, ko pomp ɗin ya ƙage ko abin da ke awon ya toshe da datti. Injinan nan in an bar su a kuran suna juya pomp da kansu sau ɗaya a yini dan kada ya ƙage, mu kuma tun Maris muke zare priz sai Nuwamba. In ba ka son barin shi a kuran, ko sau ɗaya a wata ka kunna shi ka bar ruwan zafi ya zuba minti 2 ko 3.

F.20, ko 101 a Ariston, zafi ya wuce iyaka. Bar shi ya huce, duba bar, duba ko an rufe wani robine. In tana dawowa kuma kana jin injin na ƙugi kamar zai tafasa, ruwan wanka na zuwa zafi sanyi zafi sanyi, leƙa cikin butar shayin gidan, in farin abu ya daskare a gindinta to shi ne ya daskare cikin injin, masu ruwan foraj sun fi shan wannan. Sai an wanke cikin da magani. Rage zafin ruwan zuwa 45 ko 50 yana rage taruwarshi, kuma wa ke wanka da ruwan digiri 60 ma.

Maɓallin da ke goge F, wanda ke da hoton harshen wuta da anka soke ko harafin R, ba magani ba ne. Gyara abin da ka gano, danna sau ɗaya, jira. Sau 3 shi ne iyaka, su kansu masu injin haka sunka rubuta, dan kowace dannawa gaz yake saki cikin ɗakin wuta. Kuma akwai gyaran da nake roƙonku kada ku yarda da shi ko kyauta ne, wato mai gyara ya haɗe wayoyi biyu na abin tsaro dan lambar ta ɓace, na zafi ne ko na hayaƙi. Lamba za ta ɓace kam, injin ya ci gaba da ci, amma abin da ya sa ta fito yana nan. Wutar da ba ta samu iska sosai ba tana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na wanka ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya zauna ya kasa tashi, kuma lokacin sanyi ne ake toshe kowace taga da tsumma. Wuta mai kyau shuɗiya ce tsaye. Ja ko ruwan ɗorawa mai lilo, ko baƙin hayaƙi a jikin bango sama da injin, kashe shi kada a sake kunnawa sai an duba. Shofo marar bututun hayaƙi ba a ɗaura shi cikin makewayi rufaffe, waje ake sa shi inda iska ke wucewa, a yi mishi 'yar rumfa.

In warin gaz kunka ji, a manta da ekaran da lambobinshi. Rufe butel, buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, ba ashana ba sigari, a fitar da yara, butan ya fi iska nauyi ƙasa yake kwanciya. In abin ya yi yawa a kira 'yan kwana-kwana a 18 daga waje. Neman inda ke yoyo da ruwan sabulu mai kumfa ake yi, a shafa a mahaɗa a ga inda ke tasowa. Tiyon roba na kirki akwai shekarar da anka buga a jikinshi wadda ba a wuce ta, kuma ranar nan tamu na busar da shi tun kafin lokacin, lanƙwasa shi ka gani in ya tsattsage.

In duk ka bi wa'annan, gaz akwai, ruwa da ƙarfi, kuran daidai, lamba ta ƙi tafiya, to yanzu kira mai gyara, amma kada ka ce mishi kawai ba ya aiki. Ɗauki foton ekaran kafin ka danna komi, da foton 'yar takardar da ke da sunan injin da irin gaz ɗinshi, in da hali ɗan bidiyo daga buɗe robine har inda ya tsaya, ka tura mishi ta WhatsApp, ka faɗa mishi S ta ƙarshe da ka gani kafin F ta fito, da ko a wutar gari ne ko a gurup. Vaillant yana ajiye F guda 10 na ƙarshe a cikin kanshi, ka ce ya buɗe su ku karanta tare. In ya ce wani abu ya mutu, ya nuna maka yadda ya auna, kuma tsohon da ya cire ya bar maka shi a gida.